Sifana Lamba Goma ta Baba Lallaɓa

Shekara talatin da ɗaya Baba Lallaɓa ya yi yana tuƙa mutanen gida ɗaya, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wanda ya ce wayyo a bayan motarsa ba. Daga nan ma ya samo sunan. Marigayi maigidan ne ya laƙaba masa, ranar da ya ɗora kofin shayi a gwiwa tun daga ƙofar gida har ofis, ya sauka ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba. Abin dariyar shi ne, a ƙasa Baba Lallaɓa ba shi da lallaɓawa ko ta anini. Gajere ne, siriri, mai saurin tafiya da saurin baki, ba ya iya minti biyar a kan benci bai zabura ya goge wani abu ba. Sai ya kama sitiyari ne duk wannan rawar jiki take kwanciya. Matarsa takan ce da a gida yake wannan lallaɓawar, da kofunanta ba su ƙare ba.

Bayan rasuwar maigidan, aikinsa ya koma ɗaukar Hajiya, matar marigayin, wadda ciwon baya ya sa ko ƙaramin rami aka faɗa sai ta ji shi har cikin haƙoranta. Litinin da Alhamis asibitin ƙashi, Asabar gidan 'yarta. Saboda bayan nan nata ne babban ɗanta, wanda kowa ke kira Likita, ya saya mata wata ƙatuwar baƙar mota, irin wadda kujerarta ke ɗumama mutum, ƙofarta kuma ta ja kanta ta rufe. Ba kuloci, ba sandar giya, sai wani ɗan abu da ake murzawa kamar na rediyo. Baba Lallaɓa ya zagaya ta sau uku, ya ɗaga bonet ya nemi batir ya rasa. Can ya gano shi a but, wurin kaya na baya, an lulluɓe shi ƙarƙashin shimfiɗa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ashe nan kika ɓoye shi."

Tun makon farko motar ta fara nuna hali. Da safe idan za ta sauya giya daga ta ɗaya zuwa ta biyu, sai ta ɗan yi jinkiri, sannan ta fizga, gif! Ya ɗauka baƙunta ce. Ya sassauta ƙafa, ya sake zama, ya cire takalmi ya tuƙa da safa, duk a banza. Da aka shiga wata na biyar abin ya ƙara gaba. In ta hau gargada sai fitilun gaban direba su yi walƙiya gaba ɗaya, ta maƙale a giya guda tana gurnani, sai an kashe ta an sake tayarwa. Ranar wata Litinin, a kan hanyar asibiti, ta yi wata fizga da ta sa Hajiya ta dafe kujera ta ce, "Wayyo bayana!" Shi kuwa ya ji kamar an mare shi a tsakiyar kasuwa, ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Aka shiga yawon gareji. Bakaniken farko ya juye man giya ya zuba sabo, ya rantse an gama. Na biyu ya kasa kunne a ƙarƙashinta ya ce sai an sauke giyabos an buɗe, Likita ya ce a'a, ba a yi wa mai ciwon da ba a gane ba tiyata. Na uku wani babban wuri ne mai tayil a ƙasa, ma'aikatansa duk riga iri ɗaya, sun fi kama da masu ba da magani. Suka jona mata kwamfuta, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Suka riƙe motar kwana huɗu suna yawo da ita, suka dawo da ita tana tafiya sumul. Baba Lallaɓa ya tuƙo ta gida yana murna har da 'yar waƙa. Washegari da safe, a daidai ƙofar gida, gif!

Sau biyu aka yi haka. A hannun kowa lafiya lau, da ta kwana a hannunsa sai ta tashi da ciwonta. Ba sai mutum ya yi karatun likita zai haɗa wannan lissafin ba, balle wanda ya yi.

Likita ya kira shi falo ranar Laraba. Wannan Likitan, Baba Lallaɓa ne ya kai shi makaranta ranar farko, yana kuka yana riƙe masa wando.

"Baba, miƙo hannuwanka gaba," in ji Likita. "Haka. Buɗe yatsun."

Ya ɗora masa farar takarda a bayan hannu. Takarda ta kama rawa. To wane ne za a tsare da ido haka takarda ba ta yi rawa a hannunsa ba? Amma Baba Lallaɓa ya gani, Likita ma ya gani.

"Ba laifinka ba ne, Baba, shekaru ne. In hannu ya fara, ƙafa ma takan bi. Motar nan kuwa ko numfashi ka yi a kan totur sai ta ji. Ba korarka za a yi ba, wallahi, gidan nan gidanka ne. Amma bayan Mama ba zai ƙara ɗaukar fizga ba. Ranar Litinin wani zai karɓi makullin."

"Likita, ƙafata ƙalau take."

"Na so a ce haka ne."

"To ka ba ni zuwa Asabar. In ban kawo maka ciwon motar nan a hannu ba, ni da kaina zan miƙa makullin."

Likita ya ce to. Da gani don kunya ya amsa, ba don ya yarda ba.

A gida Baba Lallaɓa ya hana kowa sakat. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ya ajiye soson wanki a ƙasa yana taka shi a hankali da ƙafar dama, yana kallon ko za ta yi rawa. In ya kalle ta sai ta yi, in ya kau da kai sai ya rasa wanda zai gaya masa. Abin da ke cinsa ba zaman gida ba ne. Tsoro yake kada maganar Likita ta zama gaskiya, a ce ƙafar da aka san shi da ita ta gudu ta bar shi bai ma sani ba.

"Malam, sosona fa?" in ji matarsa. "Ka bar shi haka ya huta, shi ba a ba shi zuwa Asabar ba."

"Ke komai wasa ne."

"Ba wasa nake ba. Ka kai wa mijin Auta motar nan ya duba."

Mijin autarsu mai wayarin ne, gyaran wutar mota yake yi. Baba Lallaɓa na ƙaunarsa, amma bai taɓa ɗaukarsa bakanike ba. A ganinsa mutumin da zai wuni a gareji ya koma gida farcensa fes, da wani allo a cinya yana latse-latse, to wasa yake da wayar hannu.

"Ciwon giya ne, ina ruwan mai wayarin da giya?"

"Masu ruwan da giyar ai ka zaga su, me suka tsinana maka?"

Ranar Juma'a da sassafe dai ya tuƙa motar zuwa shagon surukin nasa.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Wayoyi kala-kala a rataye a ƙusa, tsofaffin batura a jere a gindin bango, tebur cike da fis da ƙananan kwan fitila a cikin gwangwanaye. Mijin Auta ya taso da sauri ya rusuna, ya goge kujera ya ajiye masa. Baba Lallaɓa bai zauna ba.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Giya take fizga. Kowa ya ce ƙafata ce."

"To, Baba. Da safe ta fi yi, ko in ta yi zafi?"

"Da safe. Zuwa la'asar sai ta ɗan yi hankali."

"Maƙalewar fa?"

"Sai a gargada."

"Akwai wanda yake taɓa ta ban da kai?"

"Ko wanki ni nake yi mata. Ba mai taɓa ta."

Mijin Auta ya jona allonsa a ƙarƙashin sitiyari, ya zauna a gefen direba, ya ce su ɗan zaga. Ya roƙi a bi ta wani layi mai ramuka a bayan shagon, irin layin da Baba Lallaɓa ba ya bi ko da kuskure. Suna faɗawa ramin farko fitilu suka yi walƙiya, mota ta maƙale tana gurnani.

"Ka gani ko? Ka ga na motsa ƙafa?"

"Ban kalli ƙafarka ba, Baba, wuta nake kallo. Da muka faɗa ramin nan wutar motar ta faɗi ƙasa warwas, ta dawo. Giyar irin waɗannan da wuta take aiki. In wuta ta yanke mata ko na ƙiftawar ido ne, sai ta tsorata ta riƙe giya ɗaya ta ƙi saki."

"Batirin ai sabo ne, da shi ta zo."

"Shi ne abin da ya ɗaure min kai. Ga wani kuma." Ya juyo da allon. "Motar nan tana rubuta duk abin da ya same ta, ta ajiye. Wata bakwai tana ciwo, ya kamata in tarar da tarihi shafi-shafi. Amma abin da ke ciki na kilomita tara ne kacal. Daga gidan Hajiya zuwa nan nawa ne?"

"Tara."

"Kamar yau da safe aka haife ta ke nan." Ya dubi agogon motar. "Baba, agogon nan nata daidai yake tafiya?"

"Daidai yake mana. Kullum da safe nake saita shi da na hannuna. Shi da tashar rediyon Hajiya, da gilashin nan da sai an danne shi ya tuna hanyarsa. Motar masu kuɗi ce, amma ba ta da kai."

Mijin Auta ya zare allonsa. Da suka koma rumfa ya buɗe but, ya ɗage shimfiɗa, ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin ke bukata. Notin da ke ɗaure kan batir ya sha sifana har kusurwoyinsa sun lallashe, yana ƙyalli kamar cokalin da aka daɗe ana ci da shi. Bakin da ke kama kan batirin ya buɗe, ya sa yatsa biyu ya juya shi ba wahala. Ya gane, kuma ya gwammace a ce giyabos ɗin ne ya fashe gida biyu da ya faɗi abin da ya gane. Ya sosa ƙeya, ya gyara murya, ya kalli taya.

"Baba... da ma... ko akwai wani a gidan da yake ɗan... kwance kan batirin nan?"

"Wani wa? Ni ne nan."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata 'yar sifana lamba goma, ta sha hannu har ta yi santsi. Ya ɗaga ta da alfahari.

"Kullum in na ajiye mota da yamma sai na cire. Da safe in mayar. Wannan ai ba taɓa mota ba ne, kamar kulle ƙofa ne."

Dalilin kuwa tsoho ne. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, a gidan da ya fara aiki, ya ajiye mota lafiya ya tafi, waya ta haɗu a cikinta ta kama da wuta. Ɗakin yara yana jikin garejin. An fitar da su da rai, amma shi da ya fasa taga ya ɗauko ƙaramar cikinsu, har yau fatar damtsensa a tattare take saboda ƙuna. Tun daga ranar bai sake barin mota ta kwana da wuta a jikinta ba, ko tasa ko ta wani. Motoci shida ya tuƙa a gidan Hajiya, duk haka ya yi musu, ba wadda ta taɓa yin ƙorafi.

"Tsofaffin motocin can ba su da abin mantawa, Baba," in ji mijin Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan koyon ƙafar direbanta take yi. Tana lura da yadda kake taka totur, da yadda kake sassautawa, ta daidaita giyarta da kai. Kwana uku zuwa huɗu take ɗauka. To duk yamma in an cire batir sai ta manta. Ta wayi gari ba ta san ka ba, ta fara daga farko, shi ne fizgar safe. Ciwon da ta rubuta ma ya goge, shi ya sa kwamfutar can ba ta ga komai ba. Kwancewa da ɗaurewa kuma ya buɗe bakin nan, shi ne take maƙalewa a gargada."

"Ƙafata fa?"

"Na kalle ta a dawowa. Ko ni da nake da rabin shekarunka ban kai ta natsuwa ba."

A nan ne Baba Lallaɓa ya zauna a kujerar da aka goge masa tun ɗazu. Daɗi ya fara zuwa, har ya ji idonsa ya kawo ruwa. Bai gama jin daɗin ba kunya ta danne shi. Wata bakwai baiwar Allah nan tana cije leɓe a bayansa, yana zagin mota a zuci, yana zargin bakanike uku da rashin sanin aiki, ashe abin yana aljihunsa.

Mijin Auta ya sa sabon baki, ya ɗaure tam, ya gwada batir ya ga da sauransa. Yana goge hannu ya ce, "Baba, in Likita ya tambaya zan ce kan batir ne ya saki. Ai ba ƙarya na yi ba. Sauran ya tsaya tsakaninmu, ko Auta ba za ta ji ba."

Baba Lallaɓa ya dube shi. Ya ji yaron ya ƙara shiga ransa, kuma maganar ta yi masa daɗin ji ƙwarai. Har ya kai gida yana juya ta. Sai dai ya san kansa. In ba wanda ya sani, yamma na yi hannunsa zai tafi aljihu.

Ranar Asabar ya tarar da Hajiya a falo an tokare mata baya da matasai, Likita na gefenta. Ya gaishe su, ya ajiye sifanar a kan tebur, kusa da makullin.

"Na ce zan kawo ciwon motar a hannu. Ga shi nan."

Ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma nemi a tausaya masa ba. Likita ya kalli sifanar, ya kalle shi.

"Baba, kullum? Wata bakwai? Muna ta yawon gareji?"

"Ba wanda ya tambaye ni batir. Giya ake ta tambaya." Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ni na ja miki. Ki yafe ni. In an karɓi makullin ma ban ce an zalunce ni ba."

Hajiya ta miƙa hannu da ƙyar ta ɗauki sifanar, ta juya ta.

"Ai na san da ita," ta ce. "Tun Likita yana rarrafe marigayi ya ba ni labarin hannunka. Ɗakin yaran nan a saman gareji yake. In na ji ƙarar bonet da yamma sai in ce Lallaɓa ya cire, in kwanta hankalina kwance. Da aka kawo wannan na daina jin bonet, na ɗauka tsufa ya sa ka bari. Ashe ta baya ka koma."

Likita ya kalli damtsen Baba Lallaɓa, wanda ya saba gani tun yana yaro bai taɓa tambaya ba. Ya ce a ɗaga maganar zuwa Alhamis, shi ma zai bi su asibiti ya gani da idonsa. Hajiya ta buɗe jakarta ta jefa sifanar ciki, ta ja zif.

"Yaran sun girma, Lallaɓa. Ka bar ta ta kwana da wutarta."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Da yammar nan ya ajiye mota, ya kulle, ya kai bakin ƙofar gida ya dawo. Ya sunkuya ya shinshina ƙarƙashinta. Ya dafa but ya ji ko da ɗumi. Ya ciro tukunyar kashe gobara ya jingina a bakin gareji, ya tafi, ya sake dawowa ya duba ko ya jingina ta daidai. Maigadi ya ce, "Baba, in kwana za ka yi in kawo maka tabarma." A gida matarsa ta ƙirga, sau huɗu ya fita tsakar gida yana kallon sararin unguwar su Hajiya ko zai ga hayaƙi. Da safe ya riga kowa zuwa. Motar na nan baƙa ƙirin, sanyi ƙalau. Ya tayar da ita, ya kai hannu zai saita agogo, ya tarar agogon ya riga shi.

Lahadi ta fizga kaɗan. Litinin ta yi kamar za ta yi, ta fasa. Ranar Alhamis Likita ya shiga gaba, ya ƙura wa ƙafar Baba Lallaɓa ido tun daga ƙofar gida. Mota ta ɗauki ta biyu, ta ɗauki ta uku, ba wanda ya ji lokacin da ta sauya. Baba Lallaɓa ya ji ta a tafin ƙafarsa, tana sassautawa tun kafin ya gama sassautawa, yadda tsohon abokin aiki ke miƙo maka abu ba ka tambaya ba. Gumi na bin bayansa, bai yarda ya kalli kowa ba.

Da suka hango ƙofar asibiti ya sa sigina. Likita ya juya baya.

"Mama, yaya kika ji ba..."

Bai ƙarasa ba. Hajiya ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, jakarta a rungume a ƙirji, tana barcin da ta yi wata bakwai ba ta yi a mota ba. Likita ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyara zama, ya dafa gwiwar Baba Lallaɓa, ya yi magana a hankali don kada ta farka.

"Kashe siginar, Baba. Mu ƙara zagayawa."